Tseren Babur a Killataccen Fili: Mafarinsa da Abin da Kwarin Rima Ya Tanada

Tseren babur na 'yan sha'awa, wato na mutanen da ke shiga gasa don son abin ba tare da wani kamfani yana biyan su albashi ba, wasa ne da ake gudanarwa a killataccen fili, inda dukkan mahaya ke fuskantar gaba guda, babu mota mai tahowa, babu mai tafiya a ƙasa, kuma akwai alƙalan da ke da ikon tsayar da wasan da zarar sun hango hatsari. Wannan killacewa ce ta raba shi da gudun da matasa kan yi a kan kwalta ranar rakiyar amarya ko ranar gangamin siyasa, wanda jama'a ke kira ganganci, kuma sun faɗi gaskiya. A Birnin Kebbi da Argungu da ke kwarin Rima, inda ɗan kabu-kabu ke jigilar fasinja tun asuba, manomi kuma ke ɗoro buhunan shinkafa daga fadama a bayan babur, gwanayen mahaya ba su yi ƙaranci ba. Abin da ake buƙata shi ne tsarin da zai mai da wannan gwaninta wasa mai doka.

Wasan ya daɗe a duniya, domin an kafa hukumar FIM da ke kula da shi tun 1904, aka soma gasar duniya da yanzu ake kira MotoGP a 1949. A nahiyar Afirka kuwa, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa, don an yi gasar duniya a filayenta na Kyalami da Welkom, ɗan ƙasarta Brad Binder ya lashe kambun ƙaramin aji na Moto3 a 2016, sannan ya ci tsere a babban aji a Brno cikin 2020.

Argungu ba baƙuwa ba ce ga shirya gasa. Bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya ƙunshi kokawa da dambe da tseren kwale-kwale da sauran wasannin ruwa da ake kira kabanci, kuma da aka dawo da bikin a watan Maris na 2020 bayan dogon hutu, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC ƙarƙashin Jelani Aliyu ta shirya gangamin motoci daga Abuja zuwa garin. Sai dai irin wannan gangami tafiya ce daga gari zuwa gari, ta sha bamban da zagaya fili guda sau da yawa. Abin da ya fi kusa da tseren fili a zahiri shi ne kamun kifin kansa a kogin Matan Fada: dubban masunta na jere a bayan layi, ba wanda zai faɗa ruwa sai an ba da alama, akwai ƙayyadadden lokaci, akwai kayan aikin da aka yarda da su, akwai ma'auni da ke yanke hukunci a gaban kowa. Garin da ya iya riƙe wannan taro ba zai rasa yadda zai riƙe mahaya goma sha biyu a layin farawa ba.

Mutane da dama na ɗauka cewa tseren babur ba ya yiwuwa sai da shimfiɗaɗɗiyar kwalta ta biliyoyin naira, alhali tarihin wasan ya nuna akasin haka. Ba'amurke Kenny Roberts, wanda ya ci gasar duniya sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980, a filin ƙasa mai siffar ƙwai ya koyi sana'arsa, kuma Valentino Rossi, bayan duk kambunan da ya tara, filin ƙasa ya gina a garinsu Tavullia a Italiya don horar da kansa da matasan da yake reno. Dalili shi ne, a kan ƙasa taya na soma zamewa tun gudu bai yi yawa ba, don haka mahayi yakan koyi yadda ake sarrafa babur mai zamewa a lokacin da faɗuwa ba ta wuce ƙujewa. Amma ba kowace ƙasa ce ta dace ba, kuma a nan ne sanin kwarin Rima ke da amfani. Lakar fadama idan ta bushe takan tsattsage ta yi ramuka masu kama taya, idan ta sha ruwa kuma ta yi santsin da ba a iya tsayuwa a kai. Yashin jigawa yakan haɗiye tayar gaba ya kifar da mahayi ta kan babur. Wadda ta fi dacewa ita ce ƙasa mai tauri da aka baje, aka tsince duwatsunta, aka daddaɓe, ana yayyafa mata ruwa kafin kowane zagaye don ƙura ta kwanta, domin na baya da ba ya ganin na gaba ya fi kowa shiga hatsari. A bayan kowace kwana ana barin sarari babu bishiya babu turke, inda wanda ya kasa shan kwanar zai zarce ya tsaya, sannan a jera abin da zai tare shi da taushi. A ƙasashen waje tsofaffin tayoyi da dammunan ciyawa ake sawa. A yankin da masana'antun casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suke, buhunan da aka cusa wa ɓuntu ba za su yi wuyar samu ba.

Batun babur shi ne inda mafari ya fi ruɗuwa, don idonsa na kan manyan baburan da ake gani a talabijin, waɗanda gudunsu ke haura kilomita 300 cikin awa. Ƙa'idar da aka sani a ko'ina ita ce a fara da ƙarami, kuma baburan da suka cika titunan Kebbi, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, masu injin da girmansa ke tsakanin cc 100 zuwa 150, sun isa. Cc ma'aunin girman cikin inji ne, da shi ake raba masu tsere aji-aji. A Indiya kamfanin TVS na gudanar da gasar da kowane mahayi ke hawan babur iri ɗaya, don kada mai kuɗi ya sayi nasara, kuma wannan tsari ya dace da wurin da kusan kowa ke da samfuri guda. Kafin shiga fili ana cire madubi da sigina da kariyar ɗora kaya da duk abin da zai iya karyewa ya soki mutum, a manne fitila da tef don kada gilashinta ya warwatsu, a ɗaure noti na juye baƙin mai da waya don kada ya kwance mai ya tsiyaye a hanyar na baya, a tabbatar totur na komawa da kansa da zarar an sake shi. Huda salansa da samari ke yi yana ƙara ƙara ne kawai. Bakanike nagari ya fi ba da lokacinsa ga birki da sarƙa da taya.

Kayan kariya kuwa babu rangwame a kansu. Tun da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta soma tilasta sa hular kwano a farkon 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka, hular ba ta samu karɓuwa sosai a Arewa ba, amma a filin tsere wanda bai sa mai rufe fuska da haɓa ba, ba ya hawa. Hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga a jikinta ba, domin soson da ke ciki sau ɗaya yake shanye bugu. Sai safar hannu ta fata, takalmi mai rufe idon sawu, da kariyar gwiwa da gwiwar hannu da gadon baya. Silifa da doguwar riga mai iya shiga sarƙa haramun ne a fili. Tun da zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40 a wannan yanki, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, da sanyin safiya.

Abu na farko da ake koya wa mafari shi ne ido, domin babur na bin inda mahayinsa ke kallo, wanda ya ƙura wa rami ido kuwa cikin ramin zai faɗa. Na biyu shi ne layin kwana: a shigo daga gefen waje, a matso ciki a tsakiyarta, a fita ta waje, yadda kwanar za ta miƙe gwargwadon iko. Na uku birki. Mahaya da yawa na tsoron birkin gaba, alhali a kan kwalta shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, saboda nauyi na komawa gaba idan an rage gudu. Ana matsa shi ne a hankali, babur na tsaye, kafin a shiga kwana. A kan ƙasa lissafin ya canja, birkin baya da totur ke juya babur, mahayi na saukar da ƙafar ciki tana shafar ƙasa. A kowane hali, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Sai tutoci, waɗanda su ne harshen alƙalai: rawaya na nufin hatsari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa, ja na nufin an tsayar da tsere, mai ɗigon baƙi da fari ita ke nuna an kammala.

Saura aikin masu shiryawa ne. Ƙungiyar da za ta ɗauki nauyin wasan sai ta nemi izinin hukuma da na masarauta, musamman a yankin da matsalar tsaro ta sa ake sa ido kan zirga-zirgar babura, ta raba yara da manya, ta duba kowane babur kafin ya shiga, ta hana duk wanda ya sha ƙwaya hawa, ta kuma ja igiya tsakanin 'yan kallo da fili, don cincirindon da ke matsowa ciki a wajen dambe ba zai yiwu a nan ba. Motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikacin jinya su kasance a wurin tun kafin a tayar da inji, a kuma san asibitin da za a nufa, kasancewar tsakanin Argungu da manyan asibitocin Birnin Kebbi akwai tafiyar kimanin kilomita 50. Sabon mahayi ba ya fara da gasa: yakan yi ranakun gwaji tukuna, yana zagaya fili a bayan wanda ya fi shi ƙwarewa ana auna lokacinsa da agogo, sai lokutan zagayensa sun daidaita da juna sannan a ba shi gurbi a layin farawa.