Iskar Da Muke Tarayya A Kanta: Abin Da Ɓerayen Masar Suka Koya Mana Game Da Gine-gine

Idan aka miƙa wa mutum kofin ruwa aka ce wani ya kurkure baki ya mayar a ciki, ko da ƙishirwa za ta kashe shi ba zai sha ba. Amma wannan mutumin zai shiga ɗaki mai rufaffun tagogi, ya zauna da mutum hamsin har tsawon sa'a uku, yana shaƙar iskar da ta fito daga huhun 'yan uwansa, kuma hankalinsa a kwance. Ruwan da baligi ke sha a yini bai wuce lita biyu zuwa uku ba, alhali iskar da ke ratsa huhunsa ta kai lita 10,000 ko fiye. Duk da haka ruwan muke tacewa, iskar kuwa mun bar ta ga sa'a.

Akwai fannin bincike da ya keɓanta da wannan al'amari, wato nazarin yanayin cikin gine-gine: iskarsu, da zafinsu, da haskensu, da irin makamashin da suke ci. Fanni ne da ya haɗa injiniyoyi da likitoci da masu zanen gidaje da masu nazarin halittu. A wannan maƙala za mu ɗauki tambaya guda kawai daga cikin tambayoyinsa, ita ce: yaya aka yi aka tabbatar cewa iskar ɗaki tana ɗaukar cuta, kuma me wannan ke nufi ga yadda muke gini?

Gardamar masana

Ranar 24 ga Maris, 1882, Robert Koch ya bayyana wa masana a Berlin ƙwayar cutar da ke kawo tarin fuka. Sanin ƙwayar bai warware yadda take tashi daga wannan huhu ta faɗa wancan ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe, Carl Flügge, ya nuna cewa mai tari ko atishawa yana fesa ɗigon yawu masu ɗauke da ƙwayoyin cuta. Daga nan ra'ayi ya kafu a tsakanin likitoci cewa waɗannan ɗigo suna da nauyi, suna faɗuwa ƙasa cikin taku ɗaya ko biyu, don haka wanda ya ɗan nisanci majiyyaci ya tsira. Wani fitaccen jami'in lafiya na Amurka, Charles Chapin, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa na 1910. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Sun fito ne daga dogon yaƙi da tsohon camfin da ke cewa wari da mugun tururi su ne tushen annoba, saboda haka duk maganar da ta ɗora cuta a kan iska sai su ji kamar ana neman mayar da su baya.

Wanda ya ƙalubalance su ba likita ba ne, injiniya ne mai suna William Wells, na Jami'ar Harvard. A 1934 ya yi lissafin da ɗalibin kimiyya na babbar sakandare zai iya bi. Ɗigon ruwa da ya fito daga baki, abu biyu ke tsere a kansa: nauyi na jan sa ƙasa, iska kuma na busar da shi. Babban ɗigo yakan kai ƙasa kafin ya bushe. Wanda bai kai kimanin maikiron 100 ba kuwa, ruwansa kan ƙafe tun yana sama, ya bar wani ɗan busasshen ƙwayar tsaki mai ɗauke da cutar. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kaurin gashin kai kuwa ya kai wajen maikiron 70. Tsakin da ke ɗaukar tarin fuka bai wuce maikiron 1 zuwa 5 ba. Abu mai wannan ƙanƙanta ba ya faɗuwa da wuri. Yawo yake yi cikin ɗaki kamar hayaƙi, na tsawon sa'o'i, har sai iska ta fitar da shi ko wani ya shaƙe shi.

Lissafi dai lissafi ne. Likitoci suka ce a kawo shaida.

Ɗakin da ke saman asibiti

Shaidar ta zo ne daga asibitin tsofaffin sojoji da ke Baltimore, inda Wells da almajirinsa Richard Riley suka shirya gwajin da aka fara a 1956. Sun keɓe wani sashe mai gadaje shida na masu tarin fuka, suka toshe duk wata kafa, ta yadda iskar sashen ba ta da mafita sai ta bututu guda. Bututun ya hau har saman ginin, inda aka gina ɗaki aka zuba ɓerayen Masar kimanin 150. Dabbobin ba su taɓa ganin majiyyatan ba, ba su ci abinci tare da su ba, babu hannun da ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Iska kaɗai ta haɗa su.

Ba a zaɓi ɓeran Masar don arha ba. Dabba ce mai tsananin rauni a gaban wannan cuta, har tsaki guda da ya sauka a huhunta yana iya kama ta, kuma idan aka yanka ta za a ga tabon a daidai inda ya sauka. Wato kowane ɓera ya zama tamkar ma'auni mai rai. Kowane wata ana yi musu gwajin fata, wanda ya nuna alama a cire shi a duba cikinsa. Cikin shekara biyu ɓeraye 71 suka kamu, wato kimanin uku a wata.

Masu suka suka ce watakila cutar ta shiga wurin dabbobin ta wata hanya daban, ta abinci ko ta masu kula da su. Wannan suka ce mai kyau, kuma amsarta ita ce abin da nake son ɗalibai su riƙe. Sai aka sake gwajin da ɗaki biyu. Aka raba iskar sashen gida biyu: rabi ta tafi wurin rukuni na farko yadda take, rabi kuma aka bi da ita ta ƙarƙashin fitilun altirabayolet, hasken nan da ke kashe ƙwayoyin cuta, kafin ta isa rukuni na biyu. Abinci ɗaya, masu kula ɗaya. A rukunin farko ɓeraye 63 suka kamu. A na biyu ko guda. Aka buga sakamakon a 1962. Macen da ta ɗauki nauyin kula da dabbobin da rubuta bayanansu, Cretyl Mills, ita ma ta kamu da tarin fuka a wannan aiki. Wells kuwa ya rasu a 1963.

Wani abu kuma ya fito wanda ba a zata ba. Ta hanyar kwatanta irin ƙwayar da ke jikin ɓera da ta majiyyaci, an gane cewa majiyyata ba ɗaya suke ba wajen yaɗa cuta. Waɗanda suka fara shan maganin da ya dace, yaɗawarsu ta ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci. Wasu 'yan kaɗan kuwa su suka zuba mafi yawan cutar a iska. Mutum guda mai tarin fuka a maƙogwaro ya harbi ɓeraye 15 cikin kwana uku.

An yarda da wannan a kan tarin fuka da ƙyanda, amma aka ɗauke su a matsayin togaciya. Sai da annobar korona ta zo gardamar ta sake tashi. A watan Maris na 2020, mutum 61 suka taru don bitar waƙa a gundumar Skagit ta jihar Washington. Sun yi sa'a biyu da rabi a ɗaki guda, 53 suka kwanta ciwo, biyu suka rasu. Irin wannan ba ya bayyanuwa da ɗigon da ke faɗuwa a taku biyu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce cutar tana yaɗuwa ta iska a ɗakunan da ba su da isasshiyar mashigar iska.

Yadda ake auna iskar ɗaki

Ba kowa ke da ɓerayen Masar 150 ba, amma jikinmu ya ba mu wani ma'auni. Iskar waje tana ɗauke da kabon-dayokzaid kimanin kashi 420 cikin miliyan. Wadda muke fitarwa daga huhu tana da kusan 40,000 cikin miliyan. Saboda haka a ɗakin da ba a kunna wuta, duk ƙarin da aka gani a kan 420 daga huhun mutane ya fito. A ce na'ura ta nuna 2,420 a cikin aji. A debe 420, saura 2,000. A raba 2,000 da 40,000, a sami kashi 5 cikin ɗari. Ma'anarsa, cikin kowane numfashi ashirin da ɗalibi ya ja, cikakken guda ya riga ya shiga huhun wani ya fito. Tun 1858 Max von Pettenkofer na Munich ya ba da shawarar kada ɗaki ya wuce 1,000 cikin miliyan, kuma har yau ana amfani da wannan adadi a matsayin alama. A lura, a wannan mataki ba kabon-dayokzaid ɗin ne dafi ba, shaida ce kawai cewa iskar ta tsufa. Kada kuma a rikita ta da kabon-monokzaid, wadda ke fita daga janareto da gawayi, ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a cikin barci. Wannan ba ta da magani sai a fitar da janareto da kaskon wuta waje.

A wata jami'a da ke Taipei ta Taiwan an taɓa samun ɓarkewar tarin fuka da ta kama mutum 27. Da aka auna azuzuwan, aka tarar wasu sun haura 3,200 cikin miliyan. Aka gyara mashigar iska har adadin ya sauko zuwa wajen 600, daga nan yaɗuwar ta tsaya.

Iska da kuɗin wuta

Mai karatu zai ce to a hura iska mai yawa mana, a huta. Matsalar ita ce a ƙasashen sanyi duk iskar da ta shigo daga waje sai an ɗumama ta, a ƙasashen zafi masu amfani da na'urar sanyaya ɗaki kuma sai an sanyaya ta, duka biyun kuwa kuɗi ne da mai. Bayan da ƙasashen Larabawa suka hana sayar da mai a 1973, Amurka ta shiga tsimi, aka toshe gine-gine, aka rage iskar waje da ake ba kowane mutum zuwa kimanin lita 2.5 a daƙiƙa. Ba a daɗe ba ma'aikatan ofisoshi suka fara kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido da kasala, waɗanda ke gushewa da zarar sun bar ginin. A 1984 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa har kashi 30 cikin ɗari na sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima na iya jawo irin wannan ƙorafi. A 1989 aka ninka adadin sau uku.

Binciken da ya fi burge ni a nan shi ne wanda Roderick Escombe da abokan aikinsa suka yi a asibitoci takwas na Lima, babban birnin Peru, aka buga a 2007. Sun auna sau nawa iskar ɗaki ke sauyawa gaba ɗaya cikin sa'a. Ƙa'idar ɗakin keɓe mai tarin fuka da ke aiki da na'ura ita ce sau 12. Da suka buɗe tagogi da ƙofofi a ɗakunan da ba su da na'ura, matsakaicin abin da suka samu sau 28 ne, ninki 18 na abin da suka samu lokacin da komai ke rufe. Asibitocin da aka gina kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun ba da sau 40. Waɗanda aka gina tsakanin 1970 da 1990 sun ba da 17. Tsohon gini ya fi sabo, ba tare da ya ci wutar ko kwabo ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa nauyi a duniya, wutar lantarki kuma ba abar dogaro ba ce. Mu ɗauki aji mai tsawon mita 9, faɗin mita 7, tsayin mita 3, wato lita 189,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar lita 10 a daƙiƙa ga kowane mutum. Ɗalibai 60 na bukatar lita 600 a daƙiƙa, wato lita 2,160,000 a sa'a. Idan aka raba, iskar ajin na bukatar sauyawa fiye da sau 11 a sa'a. Rufaffen ɗaki a Lima bai kai sau biyu ba.

Na san taga ba ta zuwa ita kaɗai. Tana shigo da sauro da damina, da ƙura da sanyi a lokacin hunturu, da fargabar ɓarawo da dare, kuma a daidai lokacin sanyin ne ake toshe tagogin ɗakin kwanan ɗalibai da kwali. Raga tana tare sauro amma tana rage iska, saboda haka tagar da za a sa wa raga ya kamata a faɗaɗa ta tun wurin gini. Fankar silin tana sanyaya jiki, amma a rufaffen ɗaki tsohuwar iskar kawai take juyawa. Haka ma yawancin na'urorin sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a bango, ba sa shigo da iskar waje ko kaɗan. Taga biyu a bango masu fuskantar juna sun fi taga huɗu a bango guda, domin iska ba ta shiga sosai inda ba ta da mafita. Kafa a can sama kusa da rufi tana fitar da iska mai ɗumi ko da an rufe na ƙasa, kuma ɓarawo ba ya shiga ta nan.

Malamin da ba shi da na'urar awo zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da turaren tsinke. A kunna shi a tsakiyar aji na minti biyar tagogi na rufe, a kashe, a duba agogo har ƙamshin ya gushe. Washegari a maimaita da tagogin bango guda a buɗe, rana ta uku da na bango biyu da ƙofa. Sai ɗalibai su rubuta mintocin kowace rana a allo su kwatanta.