Mai Son Karatun Kasuwanci Ya Fara da Lissafi

A Salaga da Yendi da Bawku ba a koya wa ɗan Zango ciniki, a ciki ya tashi. Kakanninsa ne suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano, kuma har yau yaro ɗan shekara goma a kasuwar Bawku zai lissafa maka kuɗin buhunan albasa da ka, ba biro ba takarda. Wannan ne ke yaudarar iyaye da yawa. Suna ɗauka yaron da ya iya canji ya gama da lissafi, sai ranar neman gurbi a jami'a su ga ƙofa a rufe.

Ga yadda tsarin yake a Gana. Mai neman digiri sai ya samu daga A1 zuwa C6 a darussa 6 na jarrabawar WASSCE, 3 na dole da 3 na zaɓi. Turanci da lissafi suna cikin na dole. Wanda ya samu D7 a lissafi, ko da ya cinye sauran da A1, ba zai shiga digiri kai tsaye ba. Ana kuma tara makin ne, A1 ɗaya, B2 biyu, har zuwa C6 shida, kuma mai ƙaramin jimla shi ke gaba. Makarantun kasuwanci na jami'o'in Legon da Kumasi da Kef Kos cike suke da masu nema, don haka C6 tsira ce kawai, ba ta ba ka kujera.

Amma inda gizo ke saƙar tun kafin nan ne, lokacin da ɗalibi ke zaɓen fanni gab da jarrabawar BECE ta shiga babbar sakandare. Akwai lissafi na biyu, na zaɓi, wanda ɗalibai ke kira ilektif. Da yawa suna gudunsa saboda an ce musu yana da wuya, wani lokaci ma yayyensu ne ke tsorata su. A ganina wannan gudun asara ce. A shekarun farko na digirin kasuwanci akwai ƙididdiga da tattalin arziki da lissafin kasuwanci, inda za a ce ka gano adadin kayan da riba ta fi yawa a kansa, ko darajar babur ɗin da aka saya sidi 20,000 bayan shekara 2 in yana faɗuwa da kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Amsar 16,200 ce, ba 16,000 ba, kuma wanda ya yi ilektif ba ya ko tsayawa a kan irin wannan. Wanda bai yi ba, a aji ɗaya da shi zai zauna, malami kuwa ba ya jiran kowa.

Tun 2017 sakandare kyauta ce, kuma jami'a ta matso arewa: ga jami'ar UDS a Tamale tun 1992, ga jami'ar kasuwanci a Wa. Wanda ya riga ya faɗi lissafi, akwai jarrabawar 'yan waje da ake kira Nobdek, ya gyara.

Iyaye, kafin a cike takardar zaɓen makaranta, ku tambaya ko sakandaren tana haɗa ilektif da fannin kasuwanci, kuma ko tana da malaminsa. Sannan ku sa wani ya karanta muku sharuɗɗan jami'ar na wannan shekarar, domin sukan canza.