"Da Sauƙi" Bai Ishi Likita Ba

Idan ka je gaida dattijo a asibiti ka ce, "Baba, yaya jiki?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Ko da fitsari ya hana shi runtsawa jiya, haka zai ce. Amma likita ba zai iya aiki da wannan amsa ba.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululu mai girman goro, wanda likitoci ke kira furostet. Ta cikinsa hanyar fitsari ta bi. Ciwon dajin da ke kama shi ne ya fi kowane daji yawa a cikin mazan Nijeriya, musamman waɗanda suka haura shekara 50. Akan yi maganinsa da fiɗa, ko gashi da na'ura, ko allurar rage sinadarin mazakuta, kuma kowanne yakan bar nasa tabo. Gwajin jini yana nuna ko ciwon ya lafa, amma ba ya nuna ko mutum zai iya zama cikin taro bai jiƙa wandonsa ba.

Shi ya sa aka shirya takardun tambayoyi waɗanda mai ciwon ne da kansa zai amsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce EPIC, wadda ta fito daga Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2000. Gajeruwarta tana da tambaya 26 a kan fitsari, da bayan gida, da kwanciyar aure, da kasala. Ana haɗa maki daga 0 zuwa 100, kamar na jarrabawa. Idan makin ya sauka, likita ya san inda zai duba.

Ga amfanin wannan awo. A Birtaniya an bi mutum 1,643 waɗanda aka gano ciwonsu da wuri. An yi wa wasu fiɗa, wasu gashi, wasu kuwa aka sa musu ido kawai. Rahoton 2023 ya nuna bayan shekara 15 wajen mutum 3 cikin 100 ne dajin ya kashe, kuma kusan haka yake a kowane rukuni. Bambancin yana wajen zaman yau da kullum. Wata 6 da farawa, 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa fiɗa suna ɗaura ƙunzugu saboda yoyon fitsari; a sauran rukuni biyun ba su wuce 5 ba. Da ba a tambayi mutanen ba, da ba a san haka ba.

A wurinmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa, in sun je kuma kunya ta rufe musu baki. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida, ka ƙidaya sau nawa kake tashi fitsari da dare, ka rubuta, ka kai wa likita. Uwargida, ki raka shi, gama ke kika san abin da yake ɓoyewa. 'Ya'ya kuma, in likita ya zo kan maganar ɗaki, ku fita waje ku ba Baba wuri ya faɗi gaskiya.