Barasa da 'Yan Mazan Jiya: Darasi daga Amurka

Yaƙi ba ya ƙarewa ranar da aka ajiye bindiga. Da yawa daga sojojin Amurka da aka janye daga Biyetnam a 1973 sun koma gida da firgita, da mugun mafarki, da rashin barci. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka amince cewa wannan ciwo ne mai zaman kansa. Kafin nan kuwa, barasa ce maganin barcin da dama daga cikinsu.

To, ta yaya barasa ke kisa? Hanta ba ta iya sarrafa abin da ya wuce kimanin ƙaramar kwalbar giya guda a cikin sa'a ɗaya. Rarar sai ta taru a jini, ta danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi. Mutum ya sheme, numfashi ya tsaya, ko kuma amai ya shaƙe shi. In an haɗa da ƙwayoyin barci, hatsarin ya ƙaru ƙwarai.

Amma raba tsohon mashayi da kwalba farat ɗaya shi ma hatsari ne. Cikin kwana 2 ko 3 yana iya kamuwa da makyarkyata, da jijjiga, da gane-gane, har ta kai ga ajali. Saboda haka a gaban likita ake yaye shi, sa'an nan a ɗora shi kan magani irin su naltrexone, wanda Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1994.

Magani kaɗai bai isa ba. Tun 1979 gwamnatin ƙasar ta buɗe cibiyoyi inda tsohon soja ke amayar da cikinsa a gaban waɗanda suka ga abin da ya gani. Watau dai, in an raba shi da kwalba aka bar shi da firgitarsa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.