Bature a Idon Masu Ƙasa: Daga Yokohama Zuwa Wasagu

Mun saba da hotunan da Bature ya ɗauke mu: sarki bisa doki, mata a bakin rijiya. Ba kasafai ake tambayar yadda masu ƙasa suka ga baƙon nasu ba. Japanawa kam da wuƙar sassaƙa suka ba da amsa.

Fiye da shekara 200 ƙofarsu a rufe take ga Turawa, in ban da 'yan Holan da aka killace a tsibirin Dejima. A 1853 Matthew Perry ya iso da jiragen yaƙin Amurka, a 1859 kuma aka buɗe tashar Yokohama. Nan da nan kasuwar Edo, wato Tokiyo ta yau, ta cika da hotunan baƙi: Ba'amurke da doguwar malafa, matarsa cikin buje mai faɗi kamar rumbu, Baturen Ingila da karensa. Utagawa Sadahide da Yoshitora na cikin gwanayen.

Aikin na haƙuri ne. Mai zane ya zana, a manna takardar a kife bisa allon katako, masassaƙi ya fafe duk inda babu layi. Kowane launi da allonsa. Mai bugu ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya murza da faifan hannu har shuɗi ya zauna daidai gurbinsa. Da yawan masu zanen daga jaridun Turai suka kwafo fuskokin, sauran suka cike da tunaninsu. Ni a ganina nan darajar hotunan take, don sun adana mamaki da fargabar mutanen da duniya ta shigo musu gida babu sallama.

Mu namu hoton a baki da jiki muka zana shi. Kanawa suka raɗa wa wani Bature, Hanns Vischer, suna Ɗan Hausa. A Nijar, wajen 1925, Babule suka bayyana a bori, iskoki masu faretin soja, har da Kwamanda Mugu.

Ƙasar Zuru kuwa gidan soja ce, 'ya'yanta sun gwabza da Japanawa a Burma. Ina yaro a Wasagu na ga wani tsohon soja yana kwaikwayon hafsansu Bature: sanda a hammata, haɓa sama, Hausa ta hanci. Yara na dariya, shi ko fuskarsa a murtuke. Babu wanda ya sassaƙa wannan a allo, tsohon kuma ya riga mu gidan gaskiya.