Kuɗin Mota Ne Ke Hana Rajistar Zaɓe Isa Ƙauyukan Taraba

Da hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe rajistar ido-da-ido ranar 25 ga Agusta, 2025, cibiyoyi 811 ta ware a faɗin ƙasa: ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, ɗaya a hedikwatar kowace jiha da ta Abuja. Rabon Taraba 17 ke nan, duk faɗinta, biyu kuma a Jalingo suke. An saba zargin talaka da sakaci idan bai yi rajista ba, amma a ganina matsalar tana aljihun ma'aikacin da zai kai na'urar rajista ƙauyuka.

Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. A 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa daga 30,000 ya koma 70,000, wato mai ya ninka sau biyar, albashi bai kai ninki uku ba. Ma'aikacin Jalingo zai iya hawa keke zuwa Kona ko Sintali ya dawo da la'asar. Na Karim Lamido fa, da wani lokaci sai da kwale-kwale? Na Sardauna sai ya hau tsaunin Mambila. Gadar Namnai da ta rufta a watan Agustan 2024 ta ƙara wa masu bin hanyar Wukari kuɗin mota. Idan alawus bai biya wannan ba, ko ya zo bayan an gama aiki, ma'aikaci zai zauna ofis, manomi kuma ba zai bar gonarsa da damina ya zo bin layi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke cike giɓin. Ɗan siyasa yana iya kawo mota, ya zuba wa janareta mai, ya aiko da abincin rana. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski: na'ura sai ta daɗe a mazaɓarsa, ta abokin hamayya ta yi ta jira.

Za a ce hukumar ma hannunta a ɗaure yake, tunda a kasafin 2025 naira biliyan 126 ta nema aka gabatar mata da biliyan 40. Haka ne, amma kuɗin mota ba shi ne ke cinye kasafi ba.

Sanatocin Taraba uku da 'yan majalisar wakilanta shida su matsa a riƙa lissafa alawus gwargwadon nisan tafiya, ya kuma shiga asusun ma'aikaci kafin ya ɗauki na'ura.