Kura-kuran da ke kayar da yaranmu a jarrabawar BEPC da ta bak

Zuwa ga iyaye da ɗalibai na Garin Kaka, Ɗan Dajin Makau da Cadakori.

Yaran da suka shigo jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019, riƙe da hannun iyayensu, yau wasunsu sun kai ajin jarrabawa. A nan Nijar shekara 4 ake yi a kwaleji sannan a rubuta BEPC, sai shekara 3 a lise a rubuta bak. Ba irin tsarin WAEC da NECO ba ne da muka sani a gida. Mu da muke zaune a ofishin kariya muna tafinta tsakaninku da jami'ai, mun lura cewa ba kullum rashin ƙoƙari ke kayar da yaro ba. Sau da yawa ƙaramin abu ne da babu wanda ya yi masa bayani.

Na farko, kuma wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne suna.

Rubutun Faransanci daban yake da wanda muka saba. Usman yana komawa Ousmane, Hauwa ta koma Haoua, Sha'aibu ya koma Chaïbou, Jamila ta koma Djamila. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana zuwa idan takardar shaidar gudun hijira ta rubuta shi iri ɗaya, rajistar makaranta ta rubuta wani iri, takardar haihuwa kuma ta zo da na uku. Wani lokaci a takarda guda an haɗa sunan yarinya da na mahaifinta, a ɗayar kuma da na kawun da ya riƙe ta ranar da aka yi rajista. Ranar haihuwa ma haka: da yawa an sa musu 1 ga Janairu saboda ba a san ranar ba, daga baya kuma uwa ta tuna wata daban ta faɗa wa makaranta. Ga mai gadin ƙofar ɗakin jarrabawa, waɗannan mutane biyu ne. Ko da an bar yaron ya rubuta, takardar sakamakon za ta fito da sunan da aka shigar, kuma ita zai riƙe har neman aiki ko shiga jami'a. Gyara ta bayan ta fito wahala ce mai tsawo.

Saboda haka ku shimfiɗa takardun yaro duka a tabarma, ku sa wanda ya iya karatu ya bi su harafi bayan harafi. Ana tattara takardun 'yan jarrabawa watanni kafin ranar, ba a makon ƙarshe ba. Wanda takardar haihuwarsa ta ƙone ko ta tsaya a gida lokacin gudu, kada ya ji kunya, ba shi kaɗai ba ne. Ya zo da wuri mu tuntuɓi makaranta mu ji wace takarda za ta tsaya a madadinta. Idan takardar kiran jarrabawa ta fito, wadda aka rubuta convocation a samanta, a sake duba sunan, a duba lambar teburi da wurin da za a rubuta, domin ba lallai ne a makarantar yaron ba.

Sai yadda ake lissafin maki. Kowane darasi a kan 20 ake ba shi maki, kuma abin da ake nema shi ne idan an haɗa an raba a samu 10. Amma darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne yana da lambar da ake ninka makinsa da ita, ita ce malamai ke kira coefficient. Ga misali kawai: a ce yaro ya ci 16 a darasi mai nauyin 1, ya ci 6 a mai nauyin 3. A ido kamar sun cike wa juna, amma 16 da 18 sun zama 34, a raba huɗu, takwas da rabi ke nan. Ya faɗi. Yara suna son bitar darasin da suka iya domin yana musu daɗi, su guje wa lissafi da Faransanci. A tambayi malam nauyin kowane darasi tun farkon shekara, a raba lokacin bita a kansa. A bak kuma ya danganta da sashen da ɗalibi yake: a sashen D lissafi da kimiyya ne masu nauyi, a sashen A Faransanci da falsafa. Jarrabawar motsa jiki ma tana da maki, ana yin ta kafin ta rubutu. Wanda ba shi da lafiya ya kawo takardar likita, kada ya zauna gida kawai.

A cikin ɗakin jarrabawa, aikinmu na tafinta ya koya mana cewa mutum yakan ji kalmomi duka amma ya rasa abin da ake nema daga gare shi. Haka yake faruwa da yaranmu da suka fara Faransanci da girmansu. Kalmar farko ta tambaya ita ce umarnin. Idan an ce citez, jero abubuwan kawai ake so, ba dogon bayani ba. Idan an ce expliquez, sai an faɗi yadda abin yake da dalilinsa. Justifiez na nufin ka kawo hujjar amsarka, wanda ya rubuta amsa tsurarta ya zubar da maki ko da daidai ce. Comparez kuwa, a faɗi inda abu biyu suka yi kama da inda suka saɓa. Yaro yakan ga kalma ɗaya da ya sani, ya juye duk abin da ya haddace a kanta, shafi biyu cur, mai dubawa ya rubuta masa hors sujet, wato ya bar hanya. Mu a ganinmu minti biyar da aka kashe ana karanta tambaya sau biyu sun fi shafin da aka cika da gaggawa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kama wanda ya fara makaranta a Najeriya. A can ana rubuta uku da rabi da ɗigo, 3.5, a nan da waƙafi ne, 3,5. A lissafi ana ba da maki a kan matakan aiki, don haka kada a ɓoye su. Kada a manta a rubuta ko mita ne ko kilo ne bayan lamba. Ana raba takardar gwaji da ake kira brouillon, amma ba a duba ta. Mun sha jin yaro yana kuka cewa amsar tana kanta lokaci ya ƙare bai kwafe ba. A fara da tambayar da aka iya, a sa mata lambarta daidai, a kwafe nan take.

Ga wani da iyaye za su so su ji dalilinsa. Yaranmu sun saba tun daga Islamiyya su fara rubutu da bisimilla, wasu kuma sukan rubuta roƙo a ƙarshe cewa su 'yan gudun hijira ne a tausaya musu. A takardar jarrabawa ana ɓoye sunan ɗalibi domin mai dubawa kada ya san ta wane ce. Duk wata alama ta daban, ko addu'a ce, ko zane, ko suna a tsakiyar amsa, ana iya ɗaukarta a matsayin alamar da aka shirya da wani. A yi addu'a a zuci, a rubuta suna a gurbinsa kaɗai, a yi aiki da biro shuɗi ko baƙi. Waya kuwa a bar ta a gida gaba ɗaya. Ko a kashe take, samunta a aljihu ya isa a tuhumi yaro da satar amsa.

Duk shekara ana samun masu yawo suna cewa suna da tambayoyin da za a yi, a biya su. Kada ku ba kowa kuɗinku. Idan kuma wani, ko wane ne shi, ya nemi kuɗi ko wani abu daga 'yarku da sunan zai sa ta ci, wannan magana ce ta ofishinmu. Ana saurarenta a asirce, akwai ma'aikata mata, kuma ba a biyan ko dala.

Jarrabawar tana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da kowane gida ke bukatar hannu a gona. Mun san nauyin da ke kanku. Duk da haka muna roƙo a ɗauke wa ɗan jarrabawa ɗiban ruwa, itace da shuka na waɗannan kwanaki, ya yi barci, ya karya kumallo kafin ya fita. Ƙwayoyin hana barci da wasu samari ke sha don bitar dare ba sa ƙara ilimi, sai hannu ya riƙa rawa da safe. Kuma kada a tura yaro wani gari da zarar an gama rubutu. A bak akwai zagaye na biyu ga wanda makinsa ya kusa kaiwa, kwanaki kaɗan ne tsakaninsa da fitowar sakamakon farko, wanda ba ya nan ya rasa damar.

Mai son a duba masa takardu ya zo ofishin kariya da safe a ranakun aiki, ya taho da takardar shaidar gudun hijira ta iyali, da duk wata takardar makaranta ko ta haihuwa da yake da ita, ko da ta yage. Idan da hali a zo da yaron, domin shi zai faɗi yadda malaminsa yake rubuta sunansa a aji.